Tukunya ta biyu a karaban ɗin Yaya Sani

Ina jiran jirgin metro a Montreuil, gefen Paris, Rabi matar Yaya Sani ta kira ni daga Lyon. Ba ta yi gaisuwa ba. Ta ce, "Hadiza, Yayanki ya cika." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na zauna a benci, jirage suna zuwa suna wucewa, ban shiga ko ɗaya ba.

Yaya Sani ne ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu a Maraɗi, shi ya kawo ni ƙasar nan. Atamfa da turare yake sayarwa a kasuwanni, yana jan wata tsohuwar karaban, wato ɗakin kwana mai taya, a bayan motarsa, da tukwanen gaz biyu a goshinta. Lokacin hutu yakan zo Paris ya kwashe mu da yara. Tun da ya yi korona ya daina jin wari, don haka kafin a tashi sai ya ce, "Auta, kawo hancin nan naki, nawa ya yi ritaya." In shinshina tiyon gaz, shi kuma ya shafa ruwan sabulu yana duban ko zai yi kumfa. Yara suna ƙorafin ana ɓata lokaci, ya ce, "Ƴaƴan mutane na ɗauko, ba atamfa ba."

Ranar sadakar uku a Lyon aka ce a dafa abincin masu gaisuwa. A gidan Rabi ƙaramin murhun lantarki ne kawai, ba ya ɗaukar babbar tukunya. Muka je filin da yake ajiye karaban ɗin, muka jona babban murhu da gaz ɗin karaban a waje. Shinkafa ta fara tafasa, wuta ta mutu. An kusa azahar, mutane sun taso tun daga Stains da La Courneuve can gefen Paris, ga shi Yaya mutum ne da bai taɓa barin baƙo ya fita da yunwa ba.

Ƴarsa Nana ta ce, "Tanti, gaz ya ƙare, mu sayo sanwic kawai." Na ɗaga tukunyar gaz ta farko, ba nauyi. Ta biyu cike take. Na juya ɗan hannun da ke tsakaninsu wajenta, na murɗe kanta da sauri. Alamar da ke jikin hannun, wadda kan zama kore in gaz na zuwa, ta tsaya a ja, murhu bai kama ba. Na sake, haka.

Sai na ji kamar yana tsaye a bayana, yadda yakan faɗa mini: "In kika buɗe da ƙarfi, sai ɗan hannun nan ya zaci tiyo ne ya fashe, ya kulle kansa. Rufe duka, ki ba shi lokaci, ki lallaɓa shi." Na kashe murhu, na rufe tukunyar, na tsaya. Sannan na buɗe a hankali, kaɗan-kaɗan. Ja ya koma kore. Nana ta ƙyasta ashana, wuta ta kama. A nan na yi kukan da ban yi ba tun ranar jana'iza. Kowa ya ci, har aka zuba wa maƙwabta.

Ya Allah Ka jiƙan Yaya Sani, Ka yafe masa kurakuransa, Ka haskaka kabarinsa, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka ba Rabi haƙuri, Ka raya Nana da ƙannenta cikin imani, Ka tsaya musu inda shi ya kasance yana tsaya mana. Amin.