Oronzo, Alƙalin Wasan Gidan Yari

Oronzo Quarta ya yi shekara talatin da wani abu yana tsayawa a mahaɗar hanyoyin da ke gaban kasuwar garinmu, da farar hula da farar safar hannu, yana ba motoci hannu. Garin namu ƙarami ne, motocin ma ba su da yawa, amma wanda ya jiyo usur ɗinsa daga nesa zai ɗauka gobara ta tashi. Yakan hura wa mai keke, ya hura wa kare. An ce ya taɓa tsayar da masu ɗauke da gawa saboda sun bi hannun da ba nasu ba.

Da ya yi ritaya, matarsa Addolorata ta karɓe usur ɗin ta jefa cikin durowar cokula. Katanga ɗaya ce tsakanina da su, don haka a kunnena aka yi.

"Oronzo, a gidan nan butar shayi kaɗai na yarda ta yi fito," in ji ta.

Daga nan mutumin ya fara yaushi. Ya koma zaman shagon gahawa yana harare-hararen direbobi. A ƙarshe ya shiga kwamitin coci, inda ni ma nake, domin nan ne kawai ya rage masa wurin da zai ce a'a a saurare shi.

A shekarar aka kawo mana sabon fada, wato limamin coci, Don Gaetano, matashi mai saurin tafiya. Akwai gidan yari a bayan gari, can bayan gonakin zaitun, kuma tun da daɗewa wasu tsofaffin mata uku ne ke zuwa da carbinsu su yi wa fursunoni addu'a. Ɗaya ta rasu, ɗaya gwiwa ta kwantar da ita, ta ukun kuma kunne ya tafi, sai ta riƙa amsa amin tun ba a fara ba. Don Gaetano ya kawo wa kwamiti shawarar a riƙa zuwa da samarin coci.

Immacolata, matar mai kantin magani, ita ta fara miƙewa. Ɗa ɗaya gare ta, Cosimo, yana da shekara goma sha tara, amma har lokacin ita ke yanka masa nama a faranti.

"Don Gaetano, da ƙyar na raba yaron nan da 'yan bakin titi. Yanzu kai kuma za ka ɗauke shi ka kai shi inda aka tara shugabanninsu?"

Iyaye suka mara mata baya. Oronzo ya fi kowa zafi. Ya ce rabin mutanen da ke ciki ya san su tun suna satar 'ya'yan ɓaure, ya kawo misali da wani Quintino.

"Ranar bikin waliyyin gari ya sace mini babur. Ina bakin aiki, na ga babur ya taho, na tsayar da motoci na ba shi hannu ya wuce. Har na ce a raina, wannan babur kamar nawa. Irin mutanen da za a kai wa yara ke nan."

Don Gaetano ya bari aka gama dariya, sannan ya ce ba wa'azi zai sa yaran su yi ba, domin su ma ba su gama jin nasu ba. Ƙwallo za a buga, a ci abinci tare, a yi gajeriyar addu'a. Sai wanda ya kai shekara goma sha takwas zai je, kuma sai iyayensa sun yarda.

"Amma ina ganin abin ma ba zai yiwu ba," ya ce yana tattara takardunsa. "Ba mu da alƙalin wasa. Ana buƙatar mutumin da ya iya usur, wanda kuma ba ya tsoron kowa. Irin wannan ba a samunsa yanzu."

Oronzo ya gyara zama, ya yi gyaran murya.

"To, ni dai ban ce a hana gaba ɗaya ba. Ai Littafi Mai Tsarki ma ya ce a ziyarci na kurkuku."

"Yanzu ka tuna da Littafi?" Immacolata ta tambaye shi.

"Kullum ina tune da shi. Ba a tambaye ni ba ne."

Samari tara aka samu, Oronzo kuma ya zama alƙalin wasa. Abin mamaki, har da Cosimo, wanda a karon farko a rayuwarsa ya ƙi cin abinci sai da uwarsa ta yarda. Ni aka ɗora wa ɗaukar farantan taliyar da Addolorata da Immacolata suka dafa. Immacolata ta biyo mu a motarta, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce nan za a same ta, idan kuma ta ji ihu ita ta san abin da za ta yi.

Tun a ƙofa aka taɓa Oronzo inda yake masa ciwo. Gandiroba ya ce ba a shiga da ƙarfe, ya karɓe usur ɗin da aka sha wahala kafin Addolorata ta sake shi. Oronzo ya kawo shekarun aikinsa, ya kawo sunayen manyan da ya taɓa ba hannu, gandiroban bai ko ɗaga kai ba. Daga baya wani ya lalubo masa na roba, irin na yara, mai kuka kamar ɗan tsako.

Rabin farko na wasan ba shi da daɗin kallo. Yaranmu tsoro ya cika su, ko kafaɗa suka goga da mutum sai su ce a yi haƙuri. Su kuma fursunonin an gargaɗe su cewa idan aka ji wa yaro ɗaya ciwo, ziyara ta ƙare, don haka su ma haƙurin suke bayarwa. Ƙwallo na tsakiya, mutum biyu na tsaye kowa na cewa ɗan'uwansa ya fara. Oronzo ya yi ta zagaye fili bai samu abin hurawa ba.

"Wai ƙwallo muka zo ko zaman makoki?" ya ce.

Bayan hutu, Cosimo ya rufe ido ya kai wa ƙwallo duka, ya samu ƙaurin wani ƙaton mutum mai suna Donato, wanda wuyansa ya kai cinyata kauri. Cosimo ya tsaya fuskarsa kamar an shafa mata gari. Donato ya dubi ƙafarsa, ya dubi yaron, sai ya fashe da dariya.

"Yawwa, ɗan mai magani. Yanzu aka fara wasa."

Daga nan ɗan tsakon Oronzo bai sake hutawa ba. Na kuma lura yaran coci sun fi fursunoni iya zagi.

Mai tsaron ragar fursunonin ba wani ba ne, Quintino ne, kuma gaskiya duk abin da ya shiga hannunsa ba ya fita. Kusa da tashi, Cosimo ya tsere da ƙwallo, Quintino ya fito ya rungume shi suka faɗi tare. Oronzo ya taho da gudu, fuskarsa cike da murnar da ya daɗe yana jira. Ya sa hannu a aljihun gaba zai zaro jan kati, babu. Ya laluba na baya, babu. Quintino ya tashi ya kakkaɓe jikinsa, ya zaro katin daga cikin safarsa ya miƙa masa da ladabi.

"Kawu Oronzo, ina jin naka ne. Na ajiye maka ne kada ya ɓata, ka san wurin nan da ɓarayi."

Oronzo ya fisge ya ɗaga masa a kan hanci.

"Fita."

"Ka ce me?"

"Na ce ka fita."

Quintino ya dafe ƙirji ya juya wajen gandirobobi.

"Kun dai ji da kunnenku. Alƙalai uku na tsaya a gabansu, kowa cewa ya yi in shiga. Yau ga wanda ya ce in fita. Wa ke riƙe da makulli?"

Har shugaban gandirobobin sai da ya juya baya yana share ido.

Wajen cin abinci abin ya canza. Donato ya zauna kusa da Cosimo ya tambaye shi shekarunsa. Da ya ji, sai ya ajiye cokali. Ya ce yana da ɗa sa'ansa, rabonsa da shi tun yaron bai fara aske gemu ba, kuma idan an ba shi waya ya kira gida, daga gaisuwa sai shiru, bai san me zai ce masa ba.

"Ku yanzu me kuke so? Me kuke hira a kai?"

Cosimo ya yi ta lissafa masa, Donato yana maimaitawa a hankali don kada ya manta. Oronzo yana gefe yana ji, bai sa baki ba, abin da ban taɓa gani ba.

Ba komai ne ya tafi daidai ba. Ɗaya daga cikin yaran bai sake komawa ba, ya ce ƙarar rufe ƙofofin ta ƙi fita daga kansa. Da abokansa suka fara yi masa tsiya, Oronzo ya taka musu burki, ya ce shi ma a ƙofa ta uku ya so ya juya, bai dai faɗa ba ne. Wani lokacin kuma wani fursuna ya lallaɓa wani yaro ya kai masa saƙo wajen wasu mutane a gari. Yaron ya gaya wa Oronzo, Oronzo ya gaya wa fada, aka kafa doka, aka daina zuwa da waɗanda ba su iya cewa a'a ba. Immacolata ta yi wata guda tana tuna wa kwamiti cewa ita ta faɗa.

Ita ma dai daga baya ta shiga. Labari ya kai mata cewa fursunoni sun yaba taliyar Addolorata fiye da tata, ta ce sai ta ji daga bakinsu. Tun daga ranar ba ta fasa zuwa ba, kuma ba wanda ya sake yin kuskuren faɗin ra'ayinsa.

Oronzo ya yi shekaru yana alƙalanci a can. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne rashin adalci: kullum fursunoni ne ke wasa a gida. Ya yi ta zarya wajen hukuma, har aka amince wasu 'yan kaɗan masu kyakkyawan hali su zo filin coci, da rakiya, na yini ɗaya. Garin duka ya fito. Masu cewa ba za su zo ba su suka kama kujerun gaba. Fursunoni suka ci mu uku da ɗaya, ta ukun kuma ana gardama a kanta har yau, domin Oronzo ya ce ta shiga, Don Gaetano ya ce ko kusa.

Da yamma aka kwashe baƙin a mota. Sun kusa gonakin zaitun gandiroba ya ƙirga su, ya ga an samu ƙarin mutum ɗaya. Oronzo ne a kujerar baya, tsakanin Donato da Quintino, yana zana musu da yatsa a bayan kujera inda ƙwallon ta faɗa. Suka tsaya suka sauke shi a bakin hanya. Ni na je na ɗauko shi, kuma har muka iso gida ni ya ci gaba da yi wa bayanin.