Bunu da Bornun da Suka Ƙi Bushewa

Shekara ashirin da bakwai Bunu ya yi yana zuba bornu a Diffa, turakun simintin nan da ake kafawa a iyakar fili. Bai iya karanta taswira ba. Amma nuna masa kowane lungu a garin nan, zai faɗa maka gonar wa ce a da.

Da mutanen Bosso da Tumur suka kwararo gudun hijira, gari ya cika ya batse, sai aka aiko wani saurayi mai awon filaye daga Yamai, Faisal, ya yanka sabuwar unguwa. Da damina ya zo. Ya ga wani fili fetal, ciyawa kawai, ya rubuta: fili ba mai shi. Ya yanka shi gida sittin a takarda.

Ba mai shi? Kai jama'a! Nan ne mata fiye da ɗari suke shanya tattasan bakin kogin Komadugu da rani. Har da Fatime, ƙanwar Bunu, wadda da shanyar nan take ci da marayu biyar. Bunu ya faɗa masa. Faisal ya ce, "Baba, ni abin da na gani nake zanawa."

To madalla. Bornu dai sai Bunu ya zuba.

Watan farko ya ce yashin bai yi ba. Na biyu, siminti ya sha ruwa. Daga nan kullum, wai ba su bushe ba. Ni da idona na gan su jere bayan gidansa, sun bushe ƙayau, awaki na tsalle a kansu. Sau biyu ana ce masa za a kore shi. Wallahi ya ji tsoro, har ya rame, amma bai kai ko ɗaya ba.

Sai a Janairu ya ce wa Faisal, wanda yake kira Mushe, wato Malam da Faransanci, "Mushe, sun bushe. Mu je."

Mota ta rasa wurin shiga. Tattasai ja wur, iya ganinka! Faisal ya sauko, atishawa ta sarƙe shi, hawaye shar, mata na ta dariya.

"Baba, mene ne wannan?"

"Filinka ne, Mushe. Nuna min inda zan haƙa."

Yaron yana da kunya, a faɗi gaskiya. Ya sake zanen, ya kewaye wurin da tituna, ya rubuta masa suna: filin shanya. Bornu huɗu kacal aka kafa, ɗaya a kowace kusurwa. Fatime ta ture yayanta Bunu gefe, ta ce na farkon ita za ta binne da hannunta.