Inda Ake Kashe Inji a Tafkin Kainji

Ana sallame sallar asuba muka bar Minna, ni da ƙanena. Baba ne ke kwance a asibiti, ya daina cin abinci, ba abin da yake maimaitawa sai a kawo masa yayarsa. Gwaggon nan tamu tana zaune a wani ƙauyen masunta a ƙetaren ruwa, kudu da Yauri, inda waya ba ta shiga. Mu kuwa ba mu taɓa taka ƙasar ba, sunan ƙauyen kawai muka riƙe.

Direban motar haya ya cusa mu huɗu a baya, har da wata baiwar Allah da kajinta. Kafin Kontagora ƙafata ta hagu ta daina amsa kira.

Mun sauka Yelwa ana shirin azahar, ga shi ranar kasuwa. Ban zaci garin ya cika haka ba. 'Yan kabu-kabu suka yanyame mu, kowa na rantsuwa ya san ƙauyen da muke nema. Wanda muka bi ya zaga da mu gari, ya sauke mu a tashar motocin Warra, ya yi gaba abinsa. Wata mai tuwo ce ta cece mu, ta ce ba mota ake hawa ba, jirgi ne, mu nufi bakin ruwa. Tuwon shinkafarta da miyar kifi ya yi daɗi, ga araha. In ka zo baƙo, tambayi mai zaune, kada ka tambayi mai babur.

Jirgin na katako ne mai inji, ba ya tashi sai ya cika. Aka loda gishiri, jarkoki, babur guda, da mata masu komawa daga kasuwa, ana ta hira da dariya.

Mun yi nisa, gaɓa ta zama zare, sai mai jirgi ya kashe inji. Na zaci lalacewa ya yi. Amma ba wanda ya yi tsaki. Hira ta ɗauke ɗif. Matan suka ja mayafi suka rufe kai. Ruwan ya kwanta kamar faranti, ga ƙwarangwal ɗin itatuwa sun leƙo daga cikinsa, farare fat, ba tsuntsu ko ɗaya a kansu. Na buɗe baki zan yi tambaya, wani dattijo ya dafa gwiwata.

"Yi kurum, ɗana. Bisa gari muke."

A cikin shirun nan na ji ƙarar daka. Dum, dum, kamar mace na surfe a bayan katanga. Na duba gabas da yamma, ba gida, ba hayaƙi. Ta tafin ƙafata nake jin ta, ta cikin katakon jirgi. Sai da muka wuce itatuwan aka tayar da inji, dattijon ya ce garinsu ne ruwa ya cinye lokacin da aka datse kogi, da gidaje da maƙabarta.

Da la'asar muka isa. Wata tsohuwa na zaune a gaɓa, ƙunshin kayanta a cinya. Fuskar Baba ce sak.

"Ku ne ɗiyan ƙanena," in ji ta. "Tun hantsi nike jiranku."

"Gwaggo, wa ya gaya miki muna tafe?"

Ta ce mu zo mu sha ruwa.

Washegari muka juyo tare. Da aka kashe inji a wurin jiya, Gwaggo ta sunkuya ta tsoma hannu a ruwa, ta yi addu'a, sannan ta ce a hankali, "Inna, zan tahi in gano shi. Ki ƙara haƙuri tukuna."

Sai a nan na gane kakarmu na kwance a ƙarƙashin ruwan nan. Ban ɗaga kai ba har muka kai Yelwa.

Bayan magariba muka shiga Minna. Baba na ganin yayarsa ya yunƙura ya zauna, ya sha kunu daga hannunta. Da ya dawo hayyacinsa ya kalle mu, ya ce, "Kun ji dakan?"

Alhali ba mu faɗa wa kowa zancen dakan ba. Ni ma ban san ƙanena ya ji ba sai da na ga yadda ya daskare.

An sallami Baba, yana gida yana samun sauƙi. Rai a hannun Allah yake, kuma ban san abin da kunnena ya ji ba. Abin da na koya dai, a garin mutane in ka ga kowa ya yi shiru a mota ko a jirgi, kai ma ka kama bakinka. Sun san wanda ake wucewa.