Kumatun Ɗanjuma, daga Malanbil zuwa Zangon Kwatano

Malanbil

Kafin kiran asalatu muka shiga mota, ni da ƙanena Ɗanjuma mai sayar da goro. Bakinsa ba ya rabuwa da goro, shi ya sa kowa, har matarsa Talatu, ya ɗauka tudun kumatunsa goro ne. Ni na lura, cikin azumi. Rana tsaka, kumatu cike.

"Tofar!" na ce.

"Yaya, wallahi azumi nake."

Na danna. Tauri kamar dutse, kuma babu zafi. Na ce bayan salla sai asibitin Kwatano, ban nemi shawararsa ba.

Paraku

Da azahar aka tsaya. Jandarman da ya duba takardunmu ya nuna kumatun, ya miƙo hannu wai a sam masa ɓari. Mota ta ɗauki dariya. Ni ban yi ba, ciwon daji nake tsoro. Ɗanjuma ya sayi tsire, ya kasa taunawa, ya ba direba.

Zango

Hajiya Rabi, ƙawata tun muna 'yan mata, ta sauke mu, ta dama masa kunu. Da safe wanzamin layinsu ya leƙo.

"Hajiya, mataccen jini ne. Ƙaho biyu ya isa."

Ɗanjuma har ya fara tuɓe hula.

"Mai da hularka!" na ce. "Mun baro wanzamai a gida, ba su muka zo nema ba."

Rabi ta tsayar mana da zemijan, wato babur na haya. Na riƙe rigar mai babur kamar zan yaga ta.

Asibiti

Likita ya ɗauki hoto, Rabi na fassara Faransancin. Wani haƙori ne bai taɓa fitowa ba, jakar ruwa ta kewaye shi tana cin ƙashi a hankali. Da an ƙara jinkiri, muƙamuƙin na iya karyewa.

"Tambaye shi, daji ne?"

Ya ce sai an auna. Ta cikin baki suka cire, muka koma Zango muna jira. Ran da aka ce ba daji ba ne, a barandar asibitin na shimfiɗa mayafi na yi sujada.

Gida

Talatu ta tare mu a zaure, ta kasa ɗaga ido. An gaya mata ana yanke haɓa a Kwatano.

"Ke, dubi mijinki," na ce. "Cikakke na dawo miki da shi."

Ta duba, ta sake dubawa, sai ta ruga ɗora tukunya.

Allah mun gode. Rabi, Allah ya raya miki zuriya. Likitan nan da ban riƙe sunansa ba, Allah ya san shi.