Kwandon Peniasi na Tara

Peniasi ɗan kawuna ne, taubashina, don haka ina da ikon faɗa masa abin da na ga dama, ko yanzu da yake kwance a kabari bayan coci. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana koyar da Turanci a makarantar ƙauyenmu, nan tsibirin Kadavu. Gajere ne, ga sanƙo, ga alƙalami uku a aljihu, ɗaya kaɗai ke rubutu.

Ni ban taɓa zaman aji ba, amma ni na saƙa masa kayan aikinsa. Wata rana ya same ni ina fere gwaza, ya ce yana son kwandon ganyen kwakwa guda tara.

Na ce, "Aure za ka ƙara, ko kasuwa za ka buɗe?"

Ya ce, "Vasemaca, maganar Turawa gida takwas gare ta. Kowace kalma da gidanta: suna, aikatau, sifa, da sauransu."

"To na taran fa? Na suruka ne?"

"Na sunayen da hannu ba ya kamawa ne. Tsoro, haƙuri, wauta irin taki."

Ga yadda yake yi. Kwanduna bakwai, yara su rubuta kalma a bayan ƙwanso su jefa inda ta dace. Na suna kuwa, abin da kansa suke kawowa: dutse, ƙugiya, har ɗan tsako an taɓa sakawa. Na taran ba a sa masa komai. Yaro zai durƙusa, ya cusa bakinsa ciki, ya faɗi kalmar, ya koma ya zauna. Ina wucewa ta taga in ga jikokin mutane suna yi wa kwando raɗa. Na sha gaya masa zafin rana ya taɓa masa sanƙo.

A shekararsa ta goma sha biyu takarda ta zo daga Suva, babban birnin ƙasarmu. Wai yara ashirin da uku sun yi kaɗan, za a aiko mai duba makarantu. In darasi bai gamsar da ita ba, a rufe makarantar, a kwashe yara a kwalekwale zuwa makarantar kwana, shi kuma a tura shi wani tsibirin. Sati biyu Peniasi yana ramewa, har zanensa ya fara zamewa daga ƙugu.

Ranar da mai dubawar, Misis Lal, ta sauka, maza suka wuce da ita gidan dagaci don shan yaƙona, jiƙon saiwar da muke yi wa baƙo maraba da shi. Mu mata muka shiga share aji. Nan na ga kwandunan a jere gaban kujerar baƙuwa, na ƙarshen wayam, bakinsa a buɗe. A garin nan ba a ajiye wa baƙo kwando wayam. Gobe a ji a Suva cewa mutanenmu sun talauce? Na san amfaninsa sarai, amma idona ya ƙi. Na shimfiɗa ganyen ayaba, na cika shi da dafaffen gwaza da kaguwa shida, na rufe.

Aka fara darasi, mu muna leƙe ta taga. Yara suka raba kalmomi tsaf, har aka zo kan na tara. Peniasi ya ɗaga shi da hannu ɗaya yadda ya saba, kwando ya ƙi tashi. Ya buɗe. Ƙamshin kaguwa ya cika aji. Ya juyo ya dubi taga, ni kuwa na dubi teku.

Misis Lal ta ce, "Malam, wannan wane kashi ne na nahawu?"

Can sai ya durƙusa, ya kwashe abincin da hannu biyu, ya ajiye a gabanta, ya tafa sau uku yadda ake yi wa baƙo. Sannan ya juya wa yara bakin kwandon ya ce, "Wanda hannu ke kamawa ya fita. Me ya saura?"

Da Turanci suka amsa, 'yata Litiana ce ke fassara mini a kunne. Ɗaya ta durƙusa ta ce karamci. Wani ya ce yunwa. Wata ta ce kunya, tana kallon malaminta. Haka suka bi layi su ashirin da uku, babu wanda ya maimaita ta wani. Ta ƙarshe ta ce taurin kai, da ƙarfi, ta nuna taga da baki.

Misis Lal ta yi dariya har ta cire tabarau. Kaguwa biyu ta ci kafin ta ɗauki alƙalami.

Ba a rufe makarantar ba. Peniasi ya ƙara shekara goma sha tara a cikinta, kuma duk shekara sai ya zo karɓar sababbin kwanduna. Ya ɗaga na taran, ya girgiza, ya leƙa ciki.

"Vasemaca, bana dai a bar mini shi wayam."

"Ka daina jawo mana baƙi, sarkin sanƙo, sai a bar maka."