Jan Tambari a Bene na Huɗu

A shekarata ta biyu a Manchester aka yi mana sabon shugaban jami'a. Bai cika wata a ofis ba ya turo wa kowa saƙo da abubuwa uku da zai fara da su. Biyu na manta. Na ukun shi ne bene na huɗu na laburare: za a kwashe kantoci a zuba kujeru masu laushi, ɗalibai su samu wurin aiki tare. Duk littafin da kwamfuta ta nuna an shekara goma ba a taɓa ba, za a fitar da shi.

A benen nan nake wuni. Bincikena a kan audugar da ake kawowa daga ƙasarmu zuwa masaƙun garin nan ne, kuma can ƙurya akwai tsofaffin rahotanni, mujalladi goma sha huɗu. Kullum in sauka daga bas ɗin Whalley Range, in ɗauko ɗaya, in kwafa da fensir. In na gama in mayar da shi gurbinsa, in daidaita bayansa da na 'yan'uwansa. Haka na taso. A gidanmu, wanda ya ɗauki littafi a kantar Baba ya bar shi kan tabarma, ranar sai ya gane kurensa. Ban taɓa aron rahotannin ba, ina tsoron ruwan sama ya jiƙa su a jakata.

Ranar da na ga jan tambari, alamar fitarwa, a bayan kowannensu, na je wurin dattijuwar da ke kula da benen. Sai da na wuce teburinta sau biyu kafin na iya tsayawa. Ta duba kwamfuta, ta ce ba mai karanta su.

Na ce ni ina karantawa, kullum.

Ta tambaye ni inda nake ajiye su in na gama. Na ce inda na ɗauko. Ta dafe goshi. Ashe littafin da aka bari a kan keken tura littattafai shi suke ƙirgawa an karanta. Wanda ka mayar kanta da hannunka, a wurin kwamfuta ba a taɓa shi ba.

Abokiyar zamana a flat, 'yar Zariya mai karatun haɗa magunguna, dariya ta yi har da riƙe ciki.

"Hajiya mai tsari! Da irina ce ke, ki watsar ki yi gaba, da yanzu suna nan lafiya. Ke fa ko tea kika sha, sai kin juya hannun kofi ya kalli gabas."

"Wallahi ba abin dariya ba ne."

"To ai shugaban ya kira meeting. Ki je ki faɗa masa, in bakin zai buɗu."

Na je. Na rubuta tambayata a kati, na sake ta sau huɗu. Ya shigo da hannun riga a naɗe, ya ce shi sauraro ya zo yi, sannan ya yi ta magana har shayin da aka ajiye mana ya huce. Da abin magana ya iso hannuna, na karanta katin. Ya yi murmushi, ya ce tambaya ce mai kyau. Ya ce in kwantar da hankalina, ba sa cire littafin da ake amfani da shi, bayanai suke bi. Kafin in ce bayanan ne ba daidai ba, ya nuna wani a baya.

Har yau ban manta murmushin nan ba. Mutum ya yanke wa bene hukunci bai taɓa hawansa ba. Da ya tambayi mai shara, da ta gaya masa wace ce take ɗaga ƙafa don ta share wurin kowace safiya. Da ya shafa yatsa a saman kantar, da ya ga littattafan nan su kaɗai ne ba ƙura.

Katina na laburare littafi goma yake ba ni. Na zo da akwatin tafiyata na ari goma, na ja su zuwa gida. Huɗun da suka rage, kafin in samu mai ara mini an kwashe. An ce suna ma'ajiya, in cike takarda. Na cike sau uku. Mujalladi na goma sha biyu, wanda babina na ƙarshe ya dogara a kansa, bai taɓa fitowa ba.

Sai a wani laburare a Birmingham na samu irinsa. Na hau mota na je, na sauka wurin gwaggota a Aston, na kwana uku ina kwafa. Da na gama na miƙe da shi, ƙafata da kanta ta nufi kantar littattafai. Na tsaya. Na juya na ɗora shi a kan keken, a karkace, na fita ban gyara ba.