Kunnen Velichka a Takarda

Velichka Dobreva ta shiga masaƙar ulu ta garinmu, Sliven, tana 'yar shekara goma sha tara, yanzu kuma saura mata shekara uku ta yi ritaya. Abin da take nema ba shi da yawa. So take kwamitin likitocin gwamnati ya rubuta cewa ƙarar injin saƙa ce ta kurmantar da ita, don ta ajiye aiki da haƙƙinta a hannu, ta koma gida ta ji da tumatirinta da mijinta Stamen mai ciwon baya.

Ni Ginka, shekara goma sha biyu ta riga ni shiga ɗakin saƙa. Ita ta koya mini ƙulla zare, ita ta koya mini cewa inji yana sauya murya kafin zare ya tsinke. Injuna takwas take kula da su. Tana can ƙarshen layi za ta ɗaga kai ta nufi na shida, tana isa yana tsayawa. Muna tsokanarta da cewa ta fi sanin tarin injinta a kan na Stamen, ita kuwa takan ce ai injin ya fi shi kawo abinci gida.

Ba zan ce gwamnati ba ta yi ƙoƙari ba. Da aka tsananta doka, masu haƙar kwal sun sami takunkumi, magina sun sami hular kwano, mu kuma aka raba mana abin toshe kunne kyauta, aka manna hotuna a bango. Sai dai wadda ta toshe kunne ba ta jin muryar inji, yadi ya lalace mata, a kira ta ofis. Saboda haka abin toshewar a aljihu yake zama. In mai gadi ya hango motar masu duba ma'aikatu, sai ya kashe fitilar ƙofa ya kunna, nan take kowa ya zama mai bin doka.

Sannan ga awon kunne na shekara-shekara. Wata nas takan zo da akwatin awo mai tagar gilashi. Ki shiga, a sa miki abin ji a kai, in kin ji ƙara ki danna maɓalli. Doka ta ce wadda jinta ya ragu a fitar da ita daga hayaniya, don a tsirar da abin da ya rage. Magana ce mai kyau. Amma a masaƙarmu babu wurin shiru sai ofishin darakta, shi kuwa akwai mai shi a ciki. A fitar da ke daga ɗakin saƙa, gida ke nan, ba aiki, ba haƙƙi.

Don haka muke da tsarinmu. Mai jiran layi kan zauna a benci bayan nas, inda take ganin yatsanta. Nas na danna maɓallin sakin ƙarar, sai ta benci ta taɓa ɗan kunnenta, ta cikin akwati ta gani ta gilashi, ita ma ta danna. Ƙarama ke yi wa babba, ba a roƙo, ba a godiya. Shekara goma sha huɗu ina zama wa Velichka. Kowace shekara nas na yaba mata, wai kunnenta kamar na 'yar makaranta, washegari kuma in tarar ta ajiye mini banitsa, wainar cukunmu, mai zafi a kan injina. A lokacin ji nake alheri nake yi.

Bara da kaka Stamen ya faɗi daga tsani a tsakar gida. Ya fi awa guda yana kiranta, tana kicin taku goma daga inda yake, tana dafa barkonon ajiya. Maƙwabci ne ya ɗaga shi. Tun ranar ba ta ƙara yin wasan tarin inji ba, ta kuma cike takardar kwamiti.

Na raka ta asibitin lardi. Likitan saurayi ne mai ladabi, ya auna ta a ɗakin da ba taga, ya tabbatar kunnuwan biyu sun tafi. Sai ya buɗe fayil ɗinta, ya jera takardun awon kunnenta goma sha huɗu a kan tebur, kowacce da hatimi da sa hannunta. Ya yi bayani a hankali cewa kurmancin hayaniya kaɗan-kaɗan yake zuwa, shekara da shekaru. Nata kuwa, a yadda takardu suka nuna, lafiya lau yake har bara. Abin da ya zo rana ɗaya wata cutar ce daban, ba ta aiki ba.

Raina ya ɓaci, kunya kuma ta fi ɓacin ran yawa. Na faɗa masa komai, bencin da ɗan kunnen. Ya cire tabarau ya daɗe yana murza ido.

“Inna, zan yi kamar ban ji ba,” ya ce. “In na rubuta wannan, ke da ita da nas ɗin za ku amsa tambaya, kuma hatimi goma sha huɗu ba za su faɗi don maganar mutum ɗaya ba.”

Ya miƙa wa Velichka sakamakon, ya ce nata ne, ba a aika wa masaƙa.

A tashar bas ta karanta shi sau biyu, ta ninke, ta tura ƙasan jaka. Tunda ba haƙƙi, dole ta cika shekara ukun nan a ɗakin saƙa. Na gaji har cikin ƙashi, ita kuwa ko fuska ba ta sauya ba. Ta tambaye ni yaushe nas za ta zo bana, da wannan muryar tata da yanzu take fita da ƙarfi ba ta sani ba. Na nuna mata da yatsu, sha huɗu ga wata mai zuwa.

“To, ki matso da bencin kusa da gilashi, ƙanwata,” ta ce. “Idon ma ya fara tafiya.”

Na ce mata to.